Tanadi ko Ɓoyewa? Haƙƙin Majinyaci Idan Magani Ya Yi Ƙaranci

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata fatawa da muka bayar cikin shekarar 2020 wadda daga baya muka gane cewa mun yi gaggawa a cikinta. Mun ga ya dace mu kawo ta gabanku tare da gyaranta, domin abin da ya jawo ta zai sake dawowa, ko da wane suna annoba ta gaba za ta zo.

A lokacin masallatai suna rufe saboda cutar korona, sai wani bawan Allah, ɗan kasuwa mai rufin asiri, ya same mu a ƙofar gida bayan Isha'i. Ya ce ranar da ya ji an rufe iyakoki ya zagaya farmasi-farmasi na gari, ya sayi maganin hawan jini na mahaifiyarsa, ya haɗa da na masassara da na ciwon kai da na tari, abin da zai ishi gidansa shekara guda. Bayan makonni kaɗan ɗan maƙwabcinsa ya kwanta da zazzaɓi, uban ya shiga farmasi uku da takardar likita a hannu bai samu abin da aka rubuta masa ba. Da labari ya kai gare shi, ya ɗauki kwali ɗaya ya aika musu. Sa'an nan ya ce: "Malam, da kuɗina na saya. Ban yi sata ba, ban sayar wa kowa da tsada ba. To me ya sa zuciyata ta ƙi kwanciya? Akwai laifi a kaina?"

Muka ce masa babu laifi, tun da ba don ciniki ya tara ba, har ma yana da ladan sadaka. Ya yi godiya ya tafi. Amma ashe zuciyarsa ta fi bakinmu kusa da gaskiya.

YADDA ƘARANCIN YA SAMO ASALI

Kafin hukunci, wajibi ne a san yadda abu yake. Mafi yawan maganin da muke sha a Nijar daga waje yake zuwa. Ƙwayar da majo ke miƙo maka a likitar ƙauye sau da yawa a Indiya aka buga ta, Indiya kuwa mafi yawan sinadarin da take haɗawa da shi daga Sin take sayo shi. A 2020, daga can sai jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, sa'an nan mota ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 1,000 kafin Yamai, kafin a yi zancen Tawa, Maraɗi ko Damagaram. Igiya ce mai tsawo, duk inda ta tsinke mu da muke can ƙarshenta mu ne guga ke suɓuce wa.

A farkon 2020 masana'antun Sin suka tsaya saboda annoba. Ranar 3 ga Maris Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, har da parasetamol, domin tsoron kada jama'arta su rasa, ko da yake ta sassauta bayan wasu makonni. Ranar 19 ga watan aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Aka rufe filayen jiragen sama da iyakokin ƙasa ga matafiya. An bar motocin kaya suna wucewa, amma tafiya ta yi nauyi, kuɗin dako ya hau. A kan wannan sai tsoro ya shigo, duk mai hali ya ruga ya saya fiye da buƙatarsa. Kantin da zai ishi unguwa wata guda sai ya ƙare cikin kwana uku.

Kuma ku lura, sauran cututtuka ba su tafi hutu ba don korona ta zo. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa cikin rahotonta na 2021 cewa masassarar cizon sauro ta kashe kimanin mutum 627,000 a duniya cikin 2020, ƙarin 69,000 a kan shekarar da ta gabata, kuma wajen kashi biyu cikin uku na wannan ƙari saboda tsaikon da annoba ta kawo ga rigakafi da gwaji da magani ne. Mafi yawan waɗannan mamata yara ne na nahiyarmu. Ɗan maƙwabcin mai tambayarmu ya kusa shiga cikin wannan lissafi.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA

Kowa ya san Shari'a ta hana ihtikari, wato a saye kaya a ɓoye har jama'a su ƙuntata. Mutane da yawa suna zaton hanin ya tsaya ga hatsi. A mazhabar Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, abin ya fi haka faɗi: duk abin da ɓoye shi zai cutar da mutane a kasuwarsu ya shiga ciki, abinci ne ko tufa ko mai. Illar hanin ita ce cutarwa. Idan haka ne, magani ya fi cancanta da shiga, domin mai jin yunwa yana iya musanya gero da dawa ko rogo, amma mai ciwon sukari ba shi da abin da zai musanya allurarsa da shi.

Inda muka yi kuskure shi ne mun ɗauka hanin ya tsaya ga mai neman riba. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara, kuma da wannan muka kafa hujja a daren nan. Da muka koma ga littattafai sai muka tarar malamai sun bambance. Abin da mutum ya noma a gonarsa, ya ajiye yadda ya so. Abin da zai saya a kasuwa kuwa, in lokacin yalwa ne ya sayi na shekara babu komai. In lokacin ƙunci ne, ba ya halatta ya saya sai gwargwadon da ba zai ƙuntata wa jama'a ba, kamar na kwanaki ko na wata. Alƙali Iyal, mai littafin Asshifa da muke karantawa a masallatanmu, ya ciro wannan bayani daga mafi yawan malamai.

Ku dubi hikimar da ke ciki. Uban yaron da ya tarar da kanta fayau, bai dame shi ba ko wanda ya kwashe maganin ya yi ne don riba ko don tsoro. Zazzaɓin ɗansa ɗaya ne a hali biyun. Niyya tana sauƙaƙa zunubi a wurin Allah, kuma muna kyautata zato cewa mai tsoro ba daidai yake da mai haɗama ba. Amma niyya ba ta mayar da ƙwaya ɗaya cikin kanta.

Saboda haka amsar da ta kamata mu ba shi ita ce: maganin mahaifiyarka, wadda ciwonta tabbatacce ne kuma yankewar maganin hatsari ne gare ta, ka ajiye na wata ɗaya ko biyu, wannan tanadi ne kuma biyayya ce ga iyaye. Sauran kuwa, da ka tara don ciwon da bai zo ba, rabon wani ne ka riƙe a ɗakinka.

WATA HUJJA MAI ƘARFI

Wani zai ce: "Ashe ba iyalina ne farkon waɗanda za a tambaye ni a kansu ba? Idan na bar maganin a kanti, wani mai kuɗi ne zai kwashe, ba talaka ba. In ɗana ya kwanta gobe, wa zai ba ni?" Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma duk uba ya san nauyinta.

Amsa ta farko ita ce iyali suna gaba a lokacin da buƙata ta yi daidai. In ɗanka da ɗan maƙwabci suna kwance da ciwo ɗaya, magani ɗaya ne a hannunka, ba wanda zai zarge ka in ka fara da naka. Amma a nan ana auna ciwon da yake nan da ciwon da ake tsammani, kuma ƙa'idar malamai ce cewa abin da ya tabbata yana gaba da abin da ake zato. Ta biyu, cewa wani zai kwashe in ban kwashe ba, ita ce maganar da kowane ɗaya cikin masu kwashewa ya faɗa wa kansa, kuma da ita ce aka haifi ƙarancin da kowa ke gudu. Rijiyar gari tana isar gari in kowa ya ɗebi na yini. Ranar da kowa ya zo da tanka sai a ga laka. Ta uku, magani ba gero ba ne da zai shekara a rumbu. Yana da ranar mutuwa a rubuce a jikinsa, kuma zafin bazara na ƙasarmu, a cikin ɗakin kwano, yana rage masa ƙarfi tun kafin ranar. Da yawa daga abin da aka ɓoye a 2020 a bola ya ƙare, ya zama an haɗa cutar da maƙwabci da almubazzaranci.

MAI SAYARWA DA MAI ALGUS

Wannan hukuncin mai saye ke nan. Mai sayarwa da ya ja kaya zuwa bayan kanti yana jiran farashi ya ninka, nasa ya fi bayyana, kuma malamanmu sun ce hukuma tana da ikon tilasta masa ya fito da su ya sayar a kan farashin da aka sani idan larura ta kama jama'a. Riba halal ce, kuma mai farmasin da kuɗin dako ya hau masa yana da haƙƙin ya ƙara gwargwadon abin da ya ƙaru. Abin da aka hana shi ne ya auna farashi da firgicin da ya gani a idon uwa.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne mai jabu. Duk inda magani na gaskiya ya ɓace, na ƙarya ke maye gurbinsa, kuma mu a Nijar mun sha wannan da ɗacinsa. A shekarar 1995, muna ɗalibai a madarasa, sanƙarau ya kama fiye da mutum 40,000 a ƙasar nan, dubbai suka rasu. Mun tuna yadda ake jera mu a rana ana jiran allura. A cikin wannan hali aka samu kyautar allurar rigakafi daga wata ƙasa da ta bayar da kyakkyawar niyya, ashe jabu ce aka sa mata tambarin manyan kamfanoni, babu maganin komai a ciki. OMS ta ce fiye da mutum 50,000 aka yi wa ita, ta kuma ƙiyasta mutuwar 2,500 a sanadin haka. Iyaye suka koma gida da kwanciyar hankali cewa ɗiyansu sun tsira, alhali ba su da kariya ko kaɗan.

A 2015 sanƙarau ya dawo da wani nau'i, ya kama fiye da mutum 8,000, ya kashe fiye da 500, allura ta yi ƙaranci, aka rufe makarantu a Yamai, kuma a watan Mayu OMS ta yi gargaɗi cewa allurar jabu tana yawo a ƙasar. A Afrilun 2020, da jita-jita ta bazu cewa kulorokin yana maganin korona, hukumar ta sake shelar an kama na jabu a Kamaru da Kwango da Nijar. Kafin watan Yuni ya ƙare babban gwajin da aka yi a Ingila ya nuna ɗan'uwansa da ake ta rububi a kai ba ya hana mutuwar masu korona, bayan masu ciwon gaɓoɓi da suka dogara da shi shekara da shekaru sun riga sun sha wahalar rashinsa a ƙasashe da dama.

Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda yaranmu ke haddacewa, ta hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya a cikin ciniki. Wannan a kan tufa da hatsi ne. To ina ga wanda ya cika kwalba da ruwa ya ce rigakafi ce? Kuma wanda ke tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana, bai san inda aka yi su ba, bai iya karanta ranar mutuwarsu ba, kada ya ce shi ɗan aike ne kawai. Wanda bai san abin da yake sayarwa ba, ba ya halatta ya sayar da shi ga mai ciwo.

WA ZA A FARA BA?

Saura tambaya mafi wuya. An kawo kwali ɗaya likita, mabuƙata sun fi shi yawa. Wa ke gaba? A al'adarmu amsar sananniya ce, ko da ba a faɗi: mai sanayya, mai muƙami, mai abin hannu. Mu ma malamai ba mu kuɓuta ba. Sau nawa muka isa likita aka ce "Malam, bisimilla, shigo," muka tsallake matar da ta taso tun asuba a kan amalanke da yaro a baya? Girmamawa ce, Allah Ya saka wa masu yi. Amma a ranar ƙaranci, karɓar wannan girmamawa cin haƙƙi ne.

Tsare rai yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, kuma ba ta ce ran attajiri ya fi na talaka nauyi ba. Don haka ma'aunin da muke gani shi ne a fara da wanda ya fi kusa da halaka in bai samu ba, matuƙar maganin zai amfane shi, kuma masana aikin likita su ne masu tantance wannan, ba dangi ba. Ma'aikatan jinya da ke tsaye a kan masu cuta mai yaɗuwa suna da haƙƙin a fara kare su, domin faɗuwar ɗayansu faɗuwar mutane da yawa ce. Idan biyu suka yi daidai ta kowace fuska, wanda ya riga zuwa ya riga, in kuma hakan bai raba ba, ƙuri'a hanya ce da Sunna ta sani, Manzon Allah (SAW) yakan yi ta tsakanin iyalinsa in zai yi tafiya. Ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba.

Shugabanni kuwa madubinsu Sayyidina Umar ne, Allah Ya yarda da shi. A shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da cimaka, ya tsaya da kansa a kan rabo. Bai ci daga gaban layi ba.

TSAKANIN ƘASASHE

Abin da ɗan kasuwarmu ya yi a unguwa, shi manyan ƙasashe suka yi a duniya. Ingila ta fara yi wa jama'arta allurar korona ranar 8 ga Disamba 2020. Wasu ƙasashe masu arziki sun riga sun kama allurai ninkin yawan mutanensu tun ba a gama haɗa su ba. Kason farko na shirin COVAX, wanda aka kafa don ƙasashe marasa ƙarfi, bai sauka Afirka ba sai 24 ga Fabrairu 2021, a Gana. Nijar ta fara a ƙarshen Maris da allurai 400,000 kyautar Sin, ga al'umma da ta haura miliyan 20. Da cutar ta yi wa Indiya mummunan kamu a wannan shekara sai ta dakatar da fitar da allura, COVAX kuwa a kanta ya dogara. A Disamban 2021 ba a kai mutum ɗaya cikin goma da ya kammala allurarsa a Afirka ba.

Adalci ya sa mu bambanta a nan ma. Indiya ta riƙe ne gawawwaki suna gabanta, kamar uban da ɗansa ke kwance. Wanda ya tara ninki-ninki don tsoro, hukuncinsa shi ne na mai kwalaye a ɗaki.

Sai dai kada zargin wasu ya mantar da mu namu. Lokacin da annobar ta zo, Afirka ba ta haɗa fiye da wajen kashi 1 cikin 100 na allurar rigakafin da take amfani da ita ba. An gargaɗe mu tun Janairun 1994, da darajar sefa ta karye rabi, kuɗin maganin waje ya yi tsalle. An sake gargaɗinmu a 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya tsayar da kaya a iyakar Benin har da na magani. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin faralu kifaya, wanda in babu mai yinsa a gari duk gari ya yi laifi, har ya yi kukan yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan fiƙihu suka bar shi. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tara abinci shekara bakwai, amma a lokacin yalwa ya tara, a rumbun jama'a, don a raba ranar tsanani. Wannan shi ne tanadin da ake yabo. Kuma mun ga abin yana yiwuwa: allurar MenAfriVac da aka haɗa musamman don yankinmu, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba, aka fara ta a Burkina da Mali da Nijar a 2010, ta kusa shafe nau'in sanƙarau da ya fi kashe mu a da.

ABIN DA KE HANNUNMU

Ba kowa ne zai gina masana'anta ba, amma kowane masallaci yana iya buɗe asusun magani, kamar yadda ƙauyukanmu suka san bankin cimaka, a sa amintattu biyu ko uku a kai, a riƙa biya wa wanda ya zo da takardar likita ya rasa kuɗi. Matalaucin da ciwo ya kwantar yana cikin masu haƙƙin zakka. An yabi Ash'arawa a zamanin Manzon Allah (SAW) saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Mu saya a inda hukuma ta yarda, mu bar na faranti ko da ya fi araha. Mai ɗa mai basira ya ƙarfafa shi ga karatun likita ko haɗa magani da niyyar sauke wa al'umma farali. Mu kuma masu hawa mumbari mu kiyaye harshenmu daga yaɗa labarin maganin da ba mu da ilminsa.

Shi kuwa mai tambayarmu, bayan an buɗe masallatai ranar 13 ga Mayu, mun riƙe hannunsa bayan sallar Asuba muka ce masa mun yi kuskure, ga abin da ya fi daidai. Bai yi musu ba. Ya ware na mahaifiyarsa, ya ɗauki sauran ya kai wa majon likitar unguwa. Majo ya duba ya tarar wasu sun kusa mutuwa, ya fara bayar da su a ranar. Yaron maƙwabci ya warke, yanzu yana cikin masu zuwa karatun allo a zaurenmu.

Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, Ka tsare mu daga annoba da tsada da son kai, Ka shiryi shugabanninmu ga abin da zai amfani talakawansu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.